Lemon Tsami a Ƙarƙashin Giwa

Shekara talatin da uku Sokkalingam ya yi yana auna abin da bai taɓa gani da idonsa ba. In ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai daidaita ƙafar inji ne, ya ja bakinsa ya yi shiru kamar ya gama bayani. Matarsa Pankajam kuwa cewa take mijinta hoton tururi yake ɗauka, kuma har yau bai kawo mata ko guda ta rataya a bango ba. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Ɗan mai gyaran sikeli ne, daga wata kasuwa can kudu, bayan Tirunelveli. Ubansa a bakin rumfa ya ƙare rayuwarsa, 'yan kasuwa na kawo masa ma'aunin da ya fara ƙarya yana mayar da shi hanya. Abin da Sokkalingam ya gada ke nan, ba gona ba gida: ido mai ganin karkata, da zuciyar da ba ta samun sukuni sai ta miƙe abin. Ko ziyara ya zo gidanka, kafin a kawo kofi ya riga ya naɗe takarda ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburinka. Mu da muka yi maƙwabtaka da shi a gidajen ma'aikatan cibiyar binciken nukiliya mun daina jin haushi tuntuni, tunda teburanmu dai ba sa rawa.

Zauren da yake aiki yana can ƙarshen cibiyar, inda ake jin ƙarar teku in famfuna sun yi shiru. A tsakiyarsa akwai bututun ƙarfe mai kauri, a tsaye, tsawon bene biyu. Cikin bututun an ɗaure damin sanduna sirara, irin damin da ake sakawa a tukunyar nukiliya, sai dai waɗannan babu makamashi a cikinsu, lantarki ke zafafa su. Ana turo ruwa daga ƙasa, ya bi tsakanin sandunan, ya tafasa. Abin da ake son sani ɗaya ne: ina tururin yake taruwa? Muddin ruwa na lulluɓe da sanda, lafiya lau. Inda tururi ya kori ruwa ya manne wa sanda, wurin zai bushe ya ɗau zafin da ya wuce ƙima, kuma a tukunya ta gaske wannan ba abin wasa ba ne. To, ƙarfe ba gilashi ba ne, ba mai leƙawa. Shi ya sa aka kawo Giwa.

Giwa sunan da ma'aikata suka laƙaba wa injin hoton ne, don nauyinta ya kai tan biyu, yawanci dalma. Wani zobe ne mai faɗi da ya kewaye bututun, yana zaune a kan keke mai taya huɗu bisa ɗan gajeren layin dogo. A gefe guda akwai 'yar ƙwaya mai fitar da hasken da ido ba ya gani, irin na hoton ƙashi a asibiti amma mai ratsa ƙarfe. A ɗaya gefen akwai jerin idanun inji masu ƙirga abin da ya tsallake. Ruwa na tare hasken, tururi na barinsa ya wuce. Zoben ya zagaya a hankali, kwamfuta ta haɗa lissafi, sai ga hoto kamar an yanka bututun an leƙa ciki.

Amma kwamfuta ba ta san ruwa ba, ba ta san tururi ba, sai an nuna mata. Kafin kowane zagayen gwaji sai an ɗauki hotunan asali guda biyu, ɗaya bututu cike da ruwa, ɗaya babu ko ɗigo. Kwana huɗu suke ci. Duk hoton da zai biyo baya da su ake gwada shi, kuma sharaɗin shi ne Giwa ta tsaya daidai yadda ta tsaya ranar, kada ta karkata ko da kaurin gashi. Mai tsayar da ita shi ne Sokkalingam. Da agogon awo yake yi, da waɗansu fallayen tagulla sirara da yake cusawa a kusurwoyi huɗun, kowane falle ya buga masa lambar kusurwarsa da tsinin ƙusa. In ya gama sai ya ɗiga jan fenti a kan notuna, a zagaye wurin da layin rawaya. In aka ce Baba Sokku ne ya daidaita, ba mai sake dubawa. Da wannan suna yake taƙama, ko da yake da za ka faɗa masa haka sai ya musa.

A shekararsa ta ƙarshe a aiki aka ba Tamarai gwajin sabon dami. Injiniya ce, shekarunta talatin da huɗu, ta shigo neman digirin dakta a makare don aure ya ci mata shekaru kafin ya mutu. 'Yarta ɗaya tana Madurai wajen kaka. Duk ranar Asabar ta biyu a wata Tamarai kan hau jirgin ƙasa ta je ta gan ta, ta dawo ranar Litinin da ido a kumbure, ta wuce zaure ko jaka ba ta ajiye ba. An riga an ƙara mata wa'adi sau ɗaya, an kuma gaya mata ba za a daɗe ana ƙarawa ba. Tana da saurin magana da saurin fushi, kuma ba ta yarda da awon kowa sai ta maimaita da hannunta. Na Sokkalingam kaɗai ta ɗauke wa wannan. Tana kiransa Baba, yana kiranta 'yata, yakan kuma zo mata da rabin abincinsa don ya lura shayi da biskit take wuni a kai.

Sai bikin kayan aiki ya zo. Kowa a nan ya san ranar: a wanke duk abin da ake neman abinci da shi, a ɗiga masa kwaɓin garin itacen sandal mai ƙamshi da jan gari, a rataya furanni, a bar shi ya huta. Daga motar safa har keken ɗinki ba a tsallake ko ɗaya. A zaurensu ma haka ake yi, har shugaban sashe yakan zo ya tsaya, a raba guggurun shinkafa da mazarƙwaila. Washegari kuma, kafin duk wani abu mai taya ya motsa, sai an sa masa lemon tsami a ƙasa ya taka, don in akwai wata masifa da ke jira a hanya ta ƙare a kan lemon.

Sokkalingam ba mutum ne mai yawan zuwa wurin ibada ba, Pankajam ce ke yi musu su biyu. Amma lemon Giwa bai taɓa wasa da shi ba. Sau ɗaya aka tsallake, shekarar da ya tafi jana'izar ubansa, kuma a watan ne sarƙar ɗaga kaya ta tsinke ta karya ƙafar Yakub mai walda. Yakub musulmi ne, ba ya shiga hidimar bikin, gugguru kawai yake zuwa ci, kuma shekara ashirin ke nan yana gaya wa abokinsa magana ɗaya.

"Tsatsa ce, mutumina. Ƙafata ce ta karye, ai na fi ka sanin dalili."

Sokkalingam yakan ce ya yarda tsatsa ce. Sai kuma ya sayi lemo.

A shekarun baya wannan bai taɓa ɓata komai ba, don bayan biki ake ɗaukar hotunan asali. A bana Tamarai na sauri, aka ɗauke su mako biyu kafin biki, aka ɗiga fenti, aka ja layin rawaya. Ana gobe biki ta same shi yana goge sifanoni.

"Baba, furanni ko kwando goma ne ku zuba, amma daga bayan layi. Kada a taɓa min Giwa."

"To, 'yata," in ji shi.

Lokacin da ya faɗa da gaske yake. Sai dai washegarin biki ya tashi da wani lissafi a ransa. Wa ya tsayar da Giwa a wurin? Shi. Wa ya fi shi sanin inda take? Ido rufe zai mayar da ita. Dokar nan ai don masu hannun gaggawa aka yi ta. Haka ƙwararre yake yi wa kansa huɗuba, kuma ba mai saurin gamsuwa kamarsa. Da ƙarfe bakwai na safe, kafin motar ma'aikata ta iso, ya jingine kekensa ya shiga zaure. Ya kafa agogon awo a jikin dogo, ya saki birki, ya sa lemo a gaban tayoyin gaba, ya tura da sandar ƙarfe kamar faɗin tafin hannu. Lemo ya fashe. Ya dawo da ita sannu a hankali har allurar agogon ta zauna a kan sifiri, ya ɗaure birki, ya goge dogon tas. Ya duba jan fenti, ko tsagewa bai yi ba, don haka bai ga dalilin auna karkata ba. Ya kunna turaren tsinke saboda ƙamshin lemon, ya fita ya sha kofinsa da kwanciyar hankali.

Hotunan gwaji na farko suka fito a ƙarshen makon. A littafi, tururi tsakiyar hanyar ruwa yake bi, ya bar sanduna a jiƙe. A hoton Tamarai kuwa ga wani siririn haske kamar jinjirin wata, manne da sandunan da ke ɓangaren teku. Ta ce kuskure ne, ta sake. Ya dawo. Ta ƙara zafi, ta rage ruwa, ta canja wayoyi, ta sa aka duba idanun injin ɗaya bayan ɗaya. Jinjirin wata na nan inda yake. Wata biyar ta yi tana neman abin da zai ƙaryata ta, ba ta samu ba, don abu ɗaya da ba ta taɓa zargi ba shi ne ƙafar Giwa. Daga nan ta fara yarda cewa ta ga abin da ba wanda ya taɓa gani. Shugaban sashe, Dakta Vaidyanadan, wanda a da sai ta yi sallama biyu yake ɗaga kai, ya fara saukowa zaure da kansa. Aka karɓi takardarta a wani babban taro a Mumbai. Masu zanen dami suka fara zana sabon mariƙin sanduna da zai karkata ruwa zuwa ɓangaren teku. Ta yi wa uwarta waya ta ce a fara nema wa yarinya makaranta a nan, kafin damina za ta gama karatu ta ɗauko ta. Sokkalingam ya yi murna har cikin ransa. Yakan tsaya bayan kujerarta ya kalli hoton, ya ji da hannunsa a ciki.

A watan Fabrairu, saura mako shida ya ajiye aiki, ya ce ba zai bar wa na baya datti ba. Ya ɗage murfin ɗan kwalbatin da ke ƙarƙashin dogo yana kwashe ƙura da guntayen waya. Sai yatsansa ya taɓa wani abu mai santsi. Fallen tagulla ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya yi kore a gefe. Ga lamba uku da ya buga da hannunsa. Ga ƙwallon lemo guda, busasshe, manne a jikinsa.

Bai buƙaci kowa ya yi masa bayani ba. Lokacin da taya ta hau lemon, kusurwar ta ɗaga kaɗan, fallen ya zame ya faɗa. Kusurwa ta uku ita ce ta ɓangaren teku. Giwa ta karkata, bakin kowace sanda ya gusa daga inda hotunan asali suka san shi, kwamfuta kuwa inda ta ga haske ya ƙaru sai ta ce tururi ne. Ya daɗe a durƙushe a wurin. Tsoro ya ji, tsoro sosai, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Ya sa fallen a aljihun riga ya mayar da murfi.

Kwana tara yana yawo da shi. Yakub ne mutum na farko da ya gaya wa, a rumfar mai shayi da ke bakin ƙofar cibiya. Yakub ya juya fallen a hannu, ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ga fuskar abokinsa ya daina. Shawararsa ita ce teku na nan kusa kuma ba ta mayar da ajiya. Ya ce kuskuren ma ai ta ɓangaren taka-tsantsan ya faɗi: an ga hatsari inda babu, za a ƙara kiyayewa, wa aka cuta? Yarinya ta sami digirinta, tsoho ya tafi da mutuncinsa. Sokkalingam ya so ƙwarai maganar ta shige shi. Amma ya ga zanen sabon mariƙin da idonsa, kuma ya san ruwan da za a tura ɓangaren teku daga wani ɓangaren za a ɗebo shi. Ya faɗa wa Yakub haka. Yakub ya ce shi dai walda ya sani, ya tura masa kofin shayinsa da ya huce.

Pankajam a wajen wanki ta tsinci fallen, ta ajiye masa kusa da farantin karin kumallo. Ta riga ta lura kwana shida ke nan yana barin wainar shinkafa biyu a faranti. Ya ba ta labari daga farko. Ta tuna masa cewa surukan 'yarsu Selvi za su zo walimar sallama tun daga Salem, an riga an sayi mayafin girmamawa, kuma unguwar nan in mutum ya yi atishawa a layi na ɗaya sai an yi masa sannu a layi na tara. Ta ce lemo kuma ba laifi ba ne, ita ta sayo shi da hannunta.

"Ni da son raina ne, Baban Selvi, ka yi shiru," in ji ta. "Amma in an gama tafi an watse, ni zan zauna da kai. Na kuma san irin zaman da za a yi."

A rana ta takwas wata dabara ta zo masa, wadda ta fi ta Yakub kyan gani. Dabarar ita ce ya mayar da fallen inda yake. Giwa za ta miƙe, jinjirin wata ya ɓace daga sababbin hotuna, masana su yi ta muhawara a kan dalili, gaskiya ta fito da kanta ba tare da sunan kowa ba. Da tsakar rana, kowa ya tafi cin abinci, ya ɗauko jak ya tsallaka layin rawaya ya durƙusa. Ya kafa jak ɗin, ya kama hannunsa. Sai ya lura kunnensa na wajen ƙofa, yana sauraron takun mutum. Shekara talatin da uku yana aiki a zauren nan, bai taɓa kasa kunne don jin ko wani na zuwa ba. Ya ji kunyar kansa har wuyansa ya yi zafi. Ya janye jak ɗin bai ɗaga komai ba.

Washegari da safe ya sami Tamarai a ɗan ofishinta tana shirya hotunan da za ta nuna a Mumbai. Ya ƙi zama. Ya ajiye fallen a kan takardunta, ya faɗi abin da ya yi, da ranar, da lokacin, bai rage ba bai kuma nemi uzuri ba. Ta ɗauki fallen ta kalli lambar, ta kalli ƙwallon lemon. Ya yi zaton ihu, don ya sha ganin ta yi wa mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Muryarta a ƙasa ta fito.

"Ka mayar da wani a wurin?"

"A'a."

"Ka taɓa ta tun da ka tsinci wannan?"

"Na yi niyya jiya. Ban taɓa ba."

Ta rufe ido ta sauke numfashi. Ta ce masa da ya mayar, da aikin wata biyar ya zama shara, don ba mai iya sake gano yadda Giwa ta karkata. Tunda tana nan yadda take, za a sake ɗaukar hotunan asali a karkacenta, a gwada tsofaffin awon da su, a ga abin da ke cikin bututun da gaske. Ta yi wannan bayani kamar tana karanta takardar wani. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Na ce maka kada a taɓa, Baba."

"Kin ce."

"Na zargi waya, na zargi famfo, na zargi kaina. Kai kaɗai ne ban zarga ba."



Dakta Vaidyanadan ya so a rufa wa tsoho asiri. Ya ce a rubuta cewa falle ya zame, ba a san dalili ba. Sokkalingam ya ce a'a, a rubuta lemo, don akwai Giwa irin wannan a wasu zaurukan, akwai kuma masu sayen lemo irinsa. Aka rubuta. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Masu kirki suka riƙa kawar da kai in sun haɗu da shi, marasa kirki suka riƙa tambayarsa yadda lemo yake a kasuwa. Wani da safe ya ajiye masa guda a kan sirdin keke. Waɗanda suka fi kowa dariya, na lura, su ne waɗanda motocinsu ke taka lemo huɗu duk shekara. Pankajam ta daina zuwa layin madara, ta koma aiken maƙwabciya. Shi kuwa bai fasa zuwa aiki ba, sai dai yanzu a bayan layin rawaya yake tsayawa, wani ne ke riƙe agogon awo. Shugaban sashe ya gaya wa Tamarai cewa in abin ya ɓace, awonta zai isa digiri duk da haka, digiri na yau da kullum, amma sai ta ƙara wata shida ko takwas. Kowa ya san ma'anar wannan ga yarinyar da ke Madurai.

Kwana huɗu aka yi ana cika bututu ana zubarwa. A cikinsu Tamarai ba ta yi masa magana ba sai ta aiki, abincin da ya kawo kuma yakan koma da shi gida. Duk da haka akwai sauran fata, a ranta da ransa. Mai yiwuwa karkatar ta ƙara wa abin girma ne kawai. Mai yiwuwa akwai ɗan tururi na gaske a ƙarƙashin na ƙarya. Sokkalingam, wanda ya fi kowa sanin cewa rashin tururin shi ne alheri ga duk wanda zai zauna kusa da tukunyar, ya kama kansa yana roƙon a sami ko kaɗan.

Rana ta biyar da hantsi ta aika a kira shi ɗakin kwamfuta. Ba ta kira shugaba ba, ba ta kira masu zane ba. Ta ce shi ya kamata ya gani. Ta zaɓi hoton da ta fi so, wanda jinjirin watan ya fi fitowa, ta sa a sake lissafa shi da sababbin hotunan asali. Hoton ya fara sauka daga sama, layi bayan layi. Sandunan ɓangaren tudu suka fito, a jiƙe. Tsakiya ta fito da tururinta, inda littafi ya ce. Sannan layin ya iso ɓangaren teku. Ta matso da fuskarta dab da gilashin. Ruwa ne kewaye da kowace sanda, lulluɓe, babu inda ya bushe. Ta gwada hoto na biyu, da na uku, da na sha ɗaya.

"Babu shi," in ji ta.

"Babu."

"Damin lafiyarsa ƙalau. Albishir ne, ka sani. Kowa zai yi murna." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ko'ina ba. "Wata biyar ina son abin nan, Baba. In na tashi da safe shi nake fara tunawa, kafin 'yata."

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta ce ta san abin da zai ce, kuma wata rana za ta iya saurara, amma ba yau ba. Ta ce da ya yi shiru da ta tsaya gaban mutum ɗari uku ta rantse a kan ƙarya, ta san wannan, kada ya zaci ba ta sani ba. Sannan ta jawo wayarta ta ajiye a gabanta.

"Zan kira uwata in ce kada a cire yarinya daga makaranta. Fita, Baba, don Allah. Ba na son ka ji."

Ya fita ya ja ƙofa. Ƙofar katako ce marar kauri, irin ta ofisoshin gwamnati, kuma bai yi taku uku ba ya fara jin muryarta tana karyewa. Zai iya tafiya, ba abin da ya rage masa a wurin. Amma barandar hanya ce, kowa ta nan yake bi. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar ya ba ta baya, ya harɗe hannu, yana kallon bango. Masinja ya zo da fayil, ya ce masa ana aiki, ya dawo an jima. Masu zane biyu suka zo da zumuɗin jin sakamako, ɗayansu har yana murmushin nan da aka saba yi masa a makon, ya mayar da su. Can sai ga Dakta Vaidyanadan da kansa, yana sauri, ya miƙa hannu zai kama mariƙin ƙofa. Sokkalingam, wanda tunda ya fara aiki bai taɓa ce wa na gaba da shi a'a ba sai a makon nan, ya gusa ya tare.

"Yallaɓai, ba yanzu ba."

Shugaban ya dube shi, ya ji abin da ke fitowa ta cikin katakon, ya juya ya koma. Sokkalingam ya ci gaba da tsayuwa. Yana jin komai, duk abin da ta ce ba ta son ya ji, har inda aka ba yarinyar waya tana tambaya ko wata shida yana da yawa. Bai matsa daga wurin ba sai da ɗakin ya yi shiru.